Idon Baba ya yi rauni kuma yana ɗaukar fasinja: in kai rahotonsa?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifina direban haya ne, ya haura shekara 65, bas ƙirar Hummer yake ja tsakanin Kano da Katsina. Tun bara muka lura idonsa ya fara rauni. Sau biyu yana bugun abu ta gefen dama: ya gogi Adaidaita Sahu da ke tsaye a bakin titi, daga baya ya ture mai babur, Allah Ya taƙaita abin ya tsaya a gurjewa. Duk biyun cewa ya yi bai gan su ba. Yaron motarsa ya faɗa wa Umma a ɓoye cewa da magariba ta yi shi ne yake ce masa "akwai mutum", "ga rami". Yana kuma da ciwon suga. Na ce mu je asibiti, ya ce tun ba a haife ni ba yake kan hanya, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Yayyena maza sun ce in cire bakina, domin da motar ake ci da ƙannenmu. Lasisinsa saura kusan shekara biyu ya ƙare. Wata ƙawata ta ce in sanar da hukumar kiyaye haɗurra su sake gwada shi. Ina tsoron bakin uba, ina kuma tsoron ranar da za a bugo mana waya. In na kai rahotonsa, na ci amanarsa?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ki ci amanarsa ba, kuma ko da maganar ta kai gaban hukuma ba za a kira shi cin amana ba. Sai dai kafin mu zo kan rahoto, bari in faɗa miki abin da na gani a wasiƙarki ba tare da kwana-kwana ba: a wannan halin, bai kamata Baba ya sake lodin fasinja ba sai likitan ido ya duba shi ya ce ya iya. Ba rage tafiyar dare nake nufi ba, ba kuma a ce ya riƙa tafiya a hankali ba. A ajiye sitiyarin tukuna.

Maganar yaron motar ita ta fi tayar mini da hankali. Iyakar gudun da doka ta yarje wa bas ɗin haya, ko a babbar hanya mai tagwayen titi, kilomita 90 ne a awa. Mota a wannan gudun tana cinye mita 25 a daƙiƙa ɗaya. Kafin yaron ya hango, ya buɗe baki, Baba ya ji, ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai ta kan birki, daƙiƙa biyu sun tafi, wato mita 50, kuma a lokacin ne ma birkin zai fara aiki. Ki tuna yadda hanyar take ratsa Bichi da Tsanyawa da Kankiya da Charanci, da masu talla da ke rugowa jikin taga, da 'yan makaranta masu tsallaka titi a guje, da tirelar da ta lalace aka bar ta babu fitila sai 'yan rassan itace da aka zuba a bayanta. Mutum 18 da suka biya kuɗin mota sun miƙa rayukansu ga direba bisa zaton yana gani. Babu wanda aka gaya wa cewa mai riƙe da sitiyari daban, mai gani daban. Da an gaya musu, da sun sauka sun jira ta baya. Su ba su da bakin magana a wannan lamarin, ku da kuka sani ku ne bakinsu.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe da kyau, domin shi ne zai buɗe miki ƙofar Baba: raunin ido ba iri ɗaya ba ne, kuma ba kowanne ne yake raba mutum da tuƙi har abada ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama, sai hawan jinin ido, wato gulukoma, yake bi mata. Yanar ido tana sa gani ya yi hazo-hazo, fitilar motar da ke tahowa ta tarwatse a ido har mutum ya rasa inda titi yake. Amma aikinta gajere ne, ana cire ta a sa wani ƙaramin gilashi a cikin idon, kuma da yawa suna komawa gani tangaran. In ita ce ke damun Baba, akwai kyakkyawan zaton ya koma bakin aikinsa bayan ya warke. In ma tabarau kawai yake buƙata, abin ya fi sauƙi.

Gulukoma kuwa halinta daban ne, kuma bugun gefe har sau biyu da kika ambata ya sa dole a bincike ta. Galibi ba ta ciwo, ba ta ja, ba ta ƙaiƙayi. Daga gefe take fara cin gani, a hankali, ta bar tsakiya lafiya ƙalau har sai ta yi nisa. Mai ita zai iya karanta lambar motar da ke gabansa, ya zura zare a allura, amma babur ya zo daidai ƙofarsa bai san da shi ba. Shi ya sa in Baba ya ce "ina gani ras", ba lallai ne ƙarya yake yi ba. Abin da ya kalla yana ganinsa, abin da ke gefe ne ya ɓace, kuma ƙwaƙwalwa tana cike gurbin ba tare da ya ji an rage masa komai ba. Shi ya sa kuma karanta haruffan jikin bango kaɗai bai isa gwaji ba. Ku nemi a auna ƙarfin ruwan idon, a leƙa jijiyar gani, a yi masa gwajin faɗin gani, wanda ake sa mutum ya kafa ido wuri ɗaya yana danna maɓalli duk sanda ya ga ɗigon haske ta gefe. Abin da gulukoma ta ci ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa ko aiki yana tsayar da ita. Duk watan da aka ɓata ana ja-in-ja a gida, idonsa ne ke biyan kuɗin. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga asibitin ido na ECWA da na Makkah duk a Kano, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Abu ɗaya nake roƙonku: kada a kai shi wurin masu ture yanar ido a gargajiyance da tsinke. Wancan binciken ya tarar da idanu masu yawa da aka yi wa haka sun ƙare a makance.

Sugan ma ba ƙaramin abu ba ne. Yana lalata jijiyoyin jinin da ke bayan ido, yana kuma gaggauta yanar ido. Sannan direban da ya sha maganin suga da asuba, ko ya yi allurar insulin, ya bi layi, ya yi lodi, ya kama hanya bai karya ba, sugansa na iya faɗuwa yana tsakiyar gudu: gumi, karkarwa, jiri, ruɗewa, wani lokacin suma. Ki tambayi Umma ko ya taɓa dawowa yana cewa ya ji duhu-duhu a hanya. In haka ne, likitan sugan ma sai ya ji.

Na san abin da ya fi ci miki rai shi ne bakin uba. Ban raina wannan tsoron ba, tarbiyya ce ta sa kike jin sa. Amma addinin da ya ɗora mana biyayyar iyaye shi ne ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 135, mu tsaya da adalci, mu yi shaida domin Allah ko da a kan kawunanmu ne ko iyaye da dangi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, da aka tambaye shi yadda za a taimaki mai zalunci, ya ce a hana shi. Baba ba azzalumi ba ne, bai fita da niyyar cutar da kowa ba, amma hana shi abin da zai sa ya ɗauki rai taimakonsa ne. A wannan surar dai, aya ta 92, aka faɗi abin da ke kan wanda ya yi kisan kuskure: diyya ga iyalan mamaci, da kaffarar da a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Ki hango dattijo mai ciwon suga da wannan nauyin a wuyansa, ga kuma abin da zai riƙa gani duk sanda ya rufe ido. Kuma anya ma za a kira shi kuskure tsantsa bayan an gaya masa ya ƙi ji? Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma wanda ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Malamai kuma sun daɗe da bayyana cewa kai maganar mutum wurin wanda ke da ikon kawar da cuta ba ya cikin giba.

To ta ina za a fara? Ba ta bakinki ba, a ganina. Kin riga kin faɗa, ya ji, kuma abin da ya ji shi ne 'yar da ya goya tana ce masa ya tsufa. Mutumin da ya shekara arba'in ana kiransa direba, in aka ce ya ajiye mota, ba sana'a kaɗai yake ganin za a karɓe ba. Har da zaman tasha, da gaisuwar da ake yi masa, da fitowa da kuɗin cefane daga aljihunsa da safe. Ki nemo wanda Baba yake jin nauyinsa: yayansa in yana raye, ko amininsa na tasha da suka yi ƙuruciya tare, ko limamin masallacin da yake salla. Ke da Umma ku same shi ku zayyana masa komai, har da maganar magariba. Shi kuma ya samu Baba su biyu, ba a gaban 'ya'ya ba. Kada a ce masa "ka daina tuƙi". A ce masa, "Malam, mu je a duba idon nan. In yanar ido ce a cire ka koma motarka. Abin da likita ya ce, shi za mu bi, mu da kai." Wannan alkawarin ya fi kowace gardama amfani, domin ya cire hukuncin daga hannun 'ya'yansa ya mayar da shi hannun wanda ya san aikin. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ranar zuwa asibiti kada a bar shi ya shiga shi kaɗai. Zai ce wa likita ɗan hazo ne kawai yake gani. Wanda ya raka shi ya faɗi a fili cewa direban haya ne mai dogon zango, ya faɗi bugun nan biyu, ya tambaya kai tsaye: likita, zai iya tuƙa fasinja ko ba zai iya ba? A karɓo amsar a rubuce.

Yayyenki kuma kada ki ɗauke su abokan gaba. Tsoronsu na gaske ne, tukunyar gidan a kan motar nan take. Amma lissafinsu gajere ne. Rana ɗaya ta isa ta tafi da motar, da Baba, ta bar su da jinyar mutane da shari'a da bashin da ba su san ranar biyansa ba. Ki zaunar da su da takarda da biro. In motar tasa ce, a ba wa direba amintacce ya riƙa kawo balas, Baba ya zama mai mota, shi ke karɓar kuɗi, shi ke cewa a kai ta wurin bakanike. Kuɗin zai ragu, to a duba nawa ya ragu, kowa a cikinku ya faɗi abin da zai iya cikawa duk wata, ke ma har da ke. In ta wani ce yake ja, mai motar yana da haƙƙin ya sani, kuma shi zai fi kowa saurin ɗaukar mataki. Tasha kuma ba ta rasa abin da dattijo irinsa zai yi: rubuta sunayen fasinja, kula da layi, sasanta rigimar direbobi. Wanda ya ce a raba Baba da sitiyari bai kawo abin da zai maye gurbinsa ba, rabin aiki ya yi, kuma Baba zai koma hanya da zarar buhun shinkafa ya ƙare.

In an yi duk wannan ya ƙi, sai a je tasha. Ko ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ko ta masu motocin haya ta RTEAN ke riƙe da tasharsu, ciyaman ɗin reshe ne ke da ikon cewa wannan motar ba za ta shiga layi ba sai direbanta ya kawo takardar likita. Wannan ya fi kowace wasiƙa saurin aiki. Dattijon da kuka wakilta ya je da ɗaya daga cikin yayyenki, su yi maganar a keɓe. Yana yiwuwa a ce muku "ai Baba namu ne, za mu riƙa lura da shi", don abokan sana'a sukan rufa wa juna asiri. Kada ku karɓi wannan amsar. Yana kuma yiwuwa a hana shi lodi a tasha ya koma ɗibar fasinja a bakin hanya. In aka kai nan, babu sauran abin jira, hukuma ce ta rage.

Lasisin tuƙi a Najeriya hannu uku ne ke haɗuwa a kansa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke tsara shi, ta buga shi, ta riƙe bayanan direbobi, kuma dokarta ta 2007 ta ba ta ikon ƙayyade sharuɗɗan da mai neman lasisi zai cika. Jami'an duba ababen hawa na jiha, wato VIO, su ke gwada ko mutum ya iya tuƙi. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ita ke karɓar kuɗi ta miƙa katin. Ana yin sa na shekara uku ko biyar, kuma galibi sai an zo nema ko sabuntawa ake waiwayar lafiyar direba. Ido kuwa ba ya jiran kati ya ƙare. Shekara biyun da suka rage wa Baba shaida ce ta cewa ya cancanta a ranar da aka ba shi, ba shaidar yau ba ce.

Ki rubuta takarda zuwa ga kwamandan FRSC na jihar, ki kai kwafi ofishin shugaban VIO. Ki sa cikakken sunan Baba, lambar lasisi, lambar mota, tashar da yake lodi da hanyar da yake bi. Ki faɗi abin da ya faru da lokacin da ya faru, iya abin da kika tabbatar, kada ki ƙara gishiri, kada kuma ki sa wa cutar suna tunda ke ba likita ba ce. In an samu takardar asibiti, ki haɗa da ita. Ki rubuta a fili cewa ba hukunci kike nema ba, roƙo kike a kira shi a sake gwada ganinsa da tuƙinsa kafin ya ci gaba da ɗaukar mutane. Ki buga kwafi biyu, a sa hatimin karɓa a naki, ki karɓi lambar wayar wanda za ki riƙa tuntuɓa, ki koma bayan mako guda. Takardar da ba a bin ta takan kwanta a fayil. Lambar 122 ta FRSC ta kiran gaggawa ce, ki ajiye ta a wayarki, amma wannan maganar ta zuwa ofis ce. Takarda mai suna da sa hannu ta fi marar suna nauyi. In kina ganin sunanki zai jawo miki abin da ba za ki iya ɗauka ba, baffanku ko babban yayanku ya sa hannu. Sunan yaron motar kuwa kada ya fito ko'ina sai da yardarsa, abincinsa ya sa a kasada da ya yi magana.

Ra'ayina shi ne kada a yi wa Baba wannan a bayan idonsa. Dattijon ya gaya masa tun da wuri: "In mako biyu suka wuce ba mu ga likita ba, za mu rubuta wa hukuma, kuma a tsakanin nan motar ba za ta fita da kai ba." Sau da yawa jin haka kaɗai ya isa ya sa mutum ya ɗauki hularsa a tafi asibiti, don ya gwammace ya je da ƙafarsa da a aiko masa. Kada kuma maganar ta hau Facebook ko zauren WhatsApp na dangi. Asirinsa a rufe, sai ga waɗanda ke da abin yi a kai.

Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. A Birtaniya, direba in ya kai shekara 70 sai ya riƙa sabunta lasisi duk shekara uku, dole ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, mai gulukoma a ido biyu wajibi ne ya sanar da hukumar lasisi ta DVLA, kuma ɗa ko maƙwabci ko likita na iya kai rahoto a sake duba mutum. Duk da haka, a ranar 22 ga Disamba 2014, direban motar kwashe shara ya suma a kan sitiyari a tsakiyar birnin Gilasgo, mutum shida suka mutu. Binciken da aka yi ya gano ya taɓa suma a 2010 yana aikin tuƙin bas, ya ɓoye. A nan gida, alƙaluman FRSC sun nuna sama da mutum 5,000 ne suka rasu a haɗarin mota a 2023, kuma waɗanda aka rubuta ke nan.

Baba zai yi fushi, ki shirya wa wannan. Zai iya daina amsa gaisuwarki na ɗan lokaci. Ki ci gaba da zuwa kina durƙusawa kina gaishe shi, ki aika da abincin da yake so, kada ki mayar da magana, kada kuma ki janye. In likita ya ce ganin gefen ya tafi, hukuncin ya haɗa da babur da ƙaramar mota ta cikin gari, sai ku tsara wanda zai riƙa kai shi tasha da masallacin Juma'a da ɗaurin aure don kada ya ji an kulle shi a gida. In kuma aka ce gulukoma ce, ki sani tana bin jini: ke da yayyenku da ƙannen Baba duk ku je a auna idonku, musamman wanda ya kusa shekara 40, da duk wanda a cikinku yake tuƙi. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa a dace da likitan.